Yanar Idon Mota: Tafiyar Dare Zuwa Daura

Da na ji maganar maiɗakina, da tun hantsi na bar Kano. Ta faɗa sau biyu, ta kuma aiko yaro ya tuna mini na uku. Amma Bakano da kasuwa sai Allah. Wannan ya tsayar da ni, wancan ya ce minti biyar, ban ankara ba sai na ji ana kiran La'asar. Ranar Asabar ce, hunturu ya kankama, washegari kuma za a ɗaura auren 'yar kawuna a Daura. Na ce a raina, tafiyar da ba ta kai kilomita 150 ba, me za ta ci? Na yi salla, na sha mai, na kama hanya.

Cunkoson Kurna da Dawanau ne ya fara cinye mini lokaci. Manyan motoci na fitowa daga kasuwa da buhunan hatsi, 'yan adaidaita sahu na kutsawa ta kowace kafa, masu tallan rake da ruwan leda na bin gilashi. Kafin in rabu da su rana ta sunkuya, ta koma kamar jan faifai a cikin hazo, har mutum na iya kallonta ido da ido. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, sai karan dawa da aka jingine da kuma gawo, wanda ke yin kore a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganye. Na wuce Dambatta ana alwalar Magariba. A Kazaure na tsaya na yi salla na nemi shayi, duwatsun garin sun riga sun zama inuwa.

"Alhaji, Daura za ka a daren nan?" in ji mai shayin, yana ɗaga kofi yana zubo shi daga sama.

Na ce masa eh.

"To a bi a sannu. Gobe Mai'aduwa ke ci, tireloli na kan hanya."

Na yi masa godiya irin ta wanda bai ɗauki magana da nauyi ba. Ai ba yau na fara bin hanyar nan ba. Sai dai da na tsaya na yi lissafi, da na tuna cewa na shekara fiye da biyu ban yi tuƙin dare a wajen gari ba. A cikin Kano akwai fitilun shaguna, da na masu shayi, da na motocin da ke gabanka, kowa na ranta maka haske ba tare da ka sani ba.

Ina fita daga Kazaure na kunna fitila, sai na ga kamar ban kunna ba. Na kashe na sake kunnawa. Wani haske ne rawaya-rawaya, mai kama da na aci-balbal, ya zube a gaban bamba ya tsaya nan. Na sa ful, sai hazo ya dawo mini da shi kamar an shimfiɗa farin zane a gabana. Gefen titi kuwa babu shi, sai dai in ƙiyasta. Motocin da ke tahowa daga Daura kowace sai ta watsa mini wuta sau biyu ko uku, ni kuma ina ta faɗa ni kaɗai a cikin mota: mutanen nan ba su da tausayi, ba su san dim ba, kowa ya sa ƙwan da ya fi ƙarfin idon jama'a. Na sami wata Golf ta haya na maƙale a bayanta, ina bin jajayen fitilunta kamar makaho da ɗan jagora, har ta tsaya sauke fasinja a wani ƙauye ta bar ni da duhuna.

Gab da Sandamu abin ya faru. Ban ga amalanken ba, ban ga shanun ba. Abin da na fara gani farar hula ce a sama, kamar tana yawo a iska, sannan lodin kara ya bayyana a gabana kamar bango. Ban san lokacin da na taka birki na karkata sitiyari ba. Motar ta sauka gefen titi ta tsaya cikin yashi, ƙura ta turnuƙe. Yaron da ke zaune a kan lodin, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, ya waiwayo ya ce, "Sannu Baba," shanunsa suka ci gaba da tafiyarsu, ko a jikinsu. Na daɗe riƙe da sitiyari ina maimaita Innalillahi, gwiwoyina na rawa.

Daga baya na zauna na yi lissafin abin. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, zuciya ta yanke shawara, ƙafa ta bar totur ta koma kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, wani lokaci har da rabi. Sannan birkin kansa yana bukatar nasa filin. Idan fitilarka ba ta nuna maka abin da ya wuce mita ashirin ko talatin ba, to a kan sa'a kake tafiya. Sauran hanyar da gudun keke na ƙarasa ta.

*

Na shiga Daura an daɗe da idar da Isha'i. Kawu na zaune a ƙofar gida kan tabarma, ya rufa da bargo, rediyo a gefensa. Tsohon direba ne, ya shekara talatin yana jan mota tsakanin Daura da Kano da Kaduna kafin ƙafa ta ce ya isa. Bayan gaisuwa na ba shi labari, na ƙare da cewa da na koma Kano zan je a duba mini ido, don alama tsufa ya fara sallama.

Bai ce komai ba. Ya karɓi tocila a hannun wani jikansa, ya dogara sandarsa har gaban motar, ya haska fitilar dama, ya haska ta hagu, ya shafa da tafin hannu.

"Ɗana, idonka lafiya lau. Motarka ce ta yi yana."

Na sunkuya na duba. Kullum ina ganin motar nan, kullum ana wanke ta, amma sai a daren na lura cewa fuskar fitilun ta koma launin ruwan shayi, ta yi kaushi kamar bayan ƙwarya. Ko ƙwan da ke ciki ba a hangowa.

"Wane ƙwai ka sa mata?"

Na ce ai sau biyu ina canzawa. Da na ga hasken ya ragu na sa mai ƙarfi, da bai yi ba wani mai gyaran wuta ya sa mini farin nan na zamani. Kawu ya ce in kunna, ya ja ni muka koma nesa muka tsaya a gaban motar. Sai da na kare fuskata da hannu. Hasken da ya ƙi sauka a kan titi ashe yana nan, ya tarwatse sama da gefe, yana shiga idon duk wanda ya tunkaro.

"Ka ce suna watsa maka wuta? Roƙonka suke yi ka yi musu dim, ba su san a dim ɗin kake ba."

Laifi tudu ne. Tun daga Kazaure nake zagin bayin Allah, ashe ni ne ke kashe musu ido.

Da safe, kafin a fita ɗaurin aure, ya kai ni bayan gida inda tsohuwar Fijo 504 ɗinsa ke zaune a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna ce, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Fenti ya ƙone, tayoyi sun ruɓe, kujeru sun zama gidan ɓera. Ya sa gefen rigarsa ya share ƙurar fitilar, sai ga ta garau kamar jiya aka ɗaura ta.

"Wannan gilashi ne na gaske. Dutse na fasa shi, amma rana ba ta iya masa komai. Naku na yanzu roba ce."

Gaskiyarsa. Abin da muke kira gilashin fitila a motocin yau wata roba ce mai tauri da ake kira folikabonet, wadda masana suka gano a 1953 a Jamus da Amurka kusan lokaci guda. Daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka fara komawa gare ta, kafin ƙarshen shekarun 1990 ta mamaye kusan ko'ina. Dalilansu masu ƙarfi ne: ba ta da nauyi, tsakuwa ba ta tarwatsa ta, kuma ana iya lanƙwasa ta a yi wa mota irin idon da ake so. Rauninta ɗaya ne, rana. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, shi ne ke ƙona fatar mutum, shi ne kuma ke cin robar nan a hankali har ta yi rawaya ta yi ƙananan tsaga. Saboda haka tun a masana'anta ake shafe ta da wani siririn rufi mai kare ta. Ranar da rufin nan ya gaji, daga ranar yana ke farawa.

Mu kuwa motocinmu yawanci sun riga sun ci shekara goma a Turai ko Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Legas, a ce mana 'yan Beljiyam ne. Rufin ya riga ya yi rabin rayuwarsa. Sai mu kawo su ƙasar da rana ke dukan ƙarfe daga safe har yamma, iskar hunturu na watsa musu yashi wata uku, mai wankin mota kuma ya zo da garin sabulu da busasshen tsumma ya ƙarasa abin da ya rage.

*

An ɗaura aure, an raba goro da dabino, maroƙa sun yi nasu, mun ci shinkafa mun sha fura. Bayan Azahar Kawu ya ce in tashi, ya shiga gaban mota ya riƙa nuna mini hanya da sandarsa har wani gareji a gefen gari, ƙarƙashin manyan itatuwan darbejiya, waɗanda a nan ake ce wa bedi. Mai garejin mai fenti ne, mutum ne mai matsakaicin shekaru, farcensa duk launi-launi. Yana ganin Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa ya durƙusa.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko."

"Ɗana ne daga Kano. Jiya ya kusa hawa kan amalanke. Duba masa idon motar nan."

Na zaci zai ɗauko kayan aiki nan take. Sai ya ce wa yaronsa ya kawo buta. Ya zuba ruwa a kan fitilar, nan da nan ta washe, har na hango ƙwan a ciki. Ruwan na bushewa ta koma yadda take.

"Alhaji, ka gode wa Allah, ciwon a waje yake. In an zuba ruwa ta washe, to gyaruwa za ta yi. In ba ta washe ba, matsalar na ciki."

Ya bayyana mini cewa fitila na mutuwa ta hanya uku. Akwai wadda fuskarta ce ta ƙone, irin tawa. Akwai wadda bakinta ya saki, ruwa da ƙura suka shiga, za ka ga tana gumi daga ciki da safe, wannan sai an buɗe ta an wanke an sake liƙewa. Akwai kuma wadda madubin da ke bayan ƙwan, wato kwanon nan mai ƙyalli da ke tattara haske ya jefa shi gaba, ya ƙone ya yi baƙi.

"Wannan ta ukun ko ka goge ta shekara ba abin da za ka samu, sai dai ka nufi Ƙofar Ruwa ka sayo wata. Kuma yawanci babban ƙwai ne ke ƙona shi. Mota an yi ta da ƙwai mai lamba 55, mutum ya je ya sa mai 100. Ya dafa madubin, ya dafa wayoyin, kuma bai ga hanyar ba."

Kawu ya kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa.

Ya kwance fitilun biyu daga jikin motar, abin da ya sa sai da aka sassauta bamba. Na tambaye shi ko ba a yi a jiki. Ya ce ana yi, a zagaye fenti da salatif na takarda don kada samfefa ta ci shi, amma ba a cikin wannan iskar ba. Ya wanke su da sabulu, ya zauna a kan benci, ya ɗora ɗaya a cinyarsa kan tsumma. Yaron ya kawo bokitin ruwa da yankakkun samfefa a jiƙe a ciki, kowace da lambarta a baya. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi.

Ya fara da mai lamba 600, yana gogawa daga dama zuwa hagu, yaron na tsiyaya ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da ke gangarowa rawaya ne kamar an jiƙa rini.

"Ka ga wannan? Mataccen rufin ne ke fita. Ba zan daina ba sai ruwan ya koma fari."

Da ruwan ya koma fari kamar tsararren nono ya ɗago fitilar, sai gabana ya faɗi. Da rawaya ce amma ana ɗan gani, yanzu ta zama fara fat kamar an shafa mata alli. Na ce, "Malam, anya ba mu ɓata ta ba?"

Ya yi dariya. "Kowa a nan yake tsorata. Wani har ya ce in bar masa kayarsa. Yi haƙuri ka gani."

Ya ɗauki mai lamba 800, wannan karon daga sama zuwa ƙasa. Ya ce kowace samfefa aikinta ta share zanen da ta gabanta ta bari, shi ya sa ake sauya hannu, don in ka ga sauran zane a kwance ka san ba ka gama ba. Daga nan 1000, daga nan 1500. Ba ya tsallake lamba, ba ya danna hannu, ba ya barin wuri ya bushe. Fitila ɗaya ta ci kusan minti arba'in. Kawu na kishingiɗe a tabarma yana jan carbi, jefi-jefi ya ce, "Gefen nan bai fita ba," mai fentin ya ce, "Na gani, Baba."

Ana cikin haka na tambaye shi game da yaran da ke yi a tasha cikin minti goma, don an sha tare ni a Kano. Ya ce dabaru ne iri-iri. Wani man goge baki yake sawa, kuma yana ɗan yi, don akwai ɗan kaushi a cikinsa, amma saman kawai yake ɗauka. Wani mai yake shafawa, ya cike ƙananan ramukan, ta yi ƙyalli kamar yadda ruwan buta ya yi ɗazu, kwana biyu ƙura ta manne a kai. Wani man birki ko tina yake sawa, waɗannan kuwa cin robar suke yi, ƙarshenta ta tsattsage. Akwai kuma masu kofin nan mai bututu da ake dafa wani sinadari a ciki, tururin ya narkar da fuskar robar ta yi sumul.

"Na tururin yana kyau a ido, ba ƙarya. Amma shaƙarsa cuta ce, kuma in ba a rufe ta da komai ba bayan nan, robar tsirara take. Kafin damina ta wuce ta koma gidan jiya. Gogewa kowa na iyawa, Alhaji. Rufin shi ne aikin."

Ya ce bayan samfefa hanya biyu ce. Ko a ci gaba har lamba 3000 a bi da folish sannan a shafa maganin rana, wanda sai an riƙa sabuntawa, ko kuma a tsaya a nan a fesa kiliya irin ta fentin mota, mai haɗi biyu, wadda ke daɗewa. In kiliya za a fesa ba a sa folish, don santsi ba ya barin ta ta kama. Na ce a yi mai daɗewar. Muka yi ciniki a gaban Kawu, wanda ya hana ni nuna halin Kanawa. Abin da na biya bai kama ƙafar kuɗin sababbin fitilu ba.

Ya goge su da sifirit, ya kai su wani ɗan ɗaki a bayan garejin. Yaron ya yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, aka saki buhu a ƙofa, shi kuma ya ɗaure hanci da baki. Ta wata kafa na leƙa. Hannu na farko sama-sama ya yi shi, fitilar ta ɗan yi duhu. Ya jira 'yan mintoci. Da ya kawo hannu na biyu, farin nan ya riƙa ɓacewa a bayan feshin tun daga gefe ɗaya har ɗayan, madubin ciki ya fito, ƙwan ya fito, har 'yan rubutun da ke jikin robar. Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba.

"Kada a taɓa sai gobe," in ji shi. "Motar ma ta kwana a nan."

Wani zai ce wannan duk kwalliya ce. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna abin a 2018, ta samu cewa fitilar da ta yi irin wannan yanar kashi 22 cikin ɗari kacal take bayarwa na hasken sabuwa, gyara irin wannan kuma na iya maido da ita zuwa wajen kashi 70. Wato sabuwa ta fi, babu musu. Amma wanda ya taho daga Kazaure da kashi ɗaya cikin biyar na haskensa ya san abin da kashi 70 ke nufi.

*

Da na rasa mota sai na sami garin. Washegari da safe na hau babur zuwa cikin birni, na bi ta ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya gaji Sarki Muhammadu Bashar a 2007, na ga dogarai da jajayen rigunansu suna shan hantsi. Daga nan na taka zuwa rijiyar Kusugu. Tun ina yaro rabona da ita. Tana cikin gini yanzu, mai kula da wurin ya jawo guga ya ba ni na sha, ya kuma maimaita mini labarin da kowane ɗan firamare ya sani: baƙon nan Bayajidda da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai Juma'a saboda macijiya, ya karɓi guga ya tafi ya sare kanta, gari ya waye Sarauniya Daurama na neman wanda ya yi wannan aiki. Ina saurare ina murmushi, don wani abu da ban taɓa kula da shi ba ya faɗo mini: ashe Bayajidda ma da dare ya shigo Daura. Sai dai shi a kan doki yake, kuma doki na ganin hanya.

Garin ya faɗaɗa ƙwarai a kan yadda na san shi. Mahaifar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yanzu tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da jami'ar sufuri, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta nan. Ababen hawa sun ƙaru, amma amalanke bai tafi ko'ina ba, haka jaki, haka garken tumaki, haka mai keke da ba shi da ko ɗan madubi a baya. Dukkansu titi ɗaya suke bi da tirela, kuma babu mai fitila a cikinsu. Hasken mai mota shi ne nasu. Da na dawo ina lura da motocin da ke tasha, sai na ga kusan duk wadda ba tsohuwar mai gilashi ba ce tana da yanar nan, wata kaɗan wata da yawa, da yawansu kuma an ɗaura musu ƙarin fitilu farare a kan bamba.

Da La'asar muka koma gareji. An mayar da fitilun, an cire fararen ƙwayayen an sa irin waɗanda aka yi motar da su. Mai fentin ya ce saura abu ɗaya, saiti, kuma shi sai duhu ya fara. Kawu ya ce shi zai yi da kansa, amma tukuna in kai shi Zango ya gai da ƙanwarsa.

A hanya ya riƙa ba ni tarihi, kamar yadda ya saba in ya sami mai saurare. Ya ce bayan jihadi, da aka fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birni, zuriyarsa a nan Zango da Baure suka riƙe sarautarsu kusan shekara ɗari, har 1906 da Turawa suka mai da Malam Musa kan gadon Daura. Ya ce shi ya sa duk Badaurin asali ke da dangi a wannan yanki. Gwaggo ta tare mu da dambu da fura, ta yi mini faɗan rabona da zuwa, ta kuma ƙi sallamarmu sai da aka yi Magariba.

A ƙofar gidanta Kawu ya sa na fuskanci wani dogon bango a wuri mai daidai, na ja baya 'yan taku. Na kunna dim. A jikin bangon sai ga haske da iyakarsa a sama, a miƙe kamar an ja layi, abin da ban taɓa gani a motar nan ba tun da na saye ta. Na hagu ya ɗan ɗaga sama. Ya sa na buɗe bonet, ya nuna wa wani saurayi ƙusar da zai juya, yana cewa "ƙara, ƙara, ya isa," har layin ya sauko ƙasa da tsayin fitilar kaɗan.

Muka kamo hanyar Daura cikin duhu. Hazon na nan yadda yake shekaranjiya, amma titin ya shimfiɗu a gabana, ga gefensa, ga ramuka tun kafin in iso su, ga idon wata akuya na ƙyalli can nesa. Motoci uku suka wuce mu, babu wadda ta watsa mini wuta. Da muka kusa gari na hango wani abu a gaba, na sassauta tun da sauran fili. Amalanke ne, da lodin kara, da yara biyu a sama. Na ratse su a hankali, ƙaramin ya ɗaga mana hannu.

Kawu bai ce komai a kai ba. Sai da muka tsaya a ƙofar gida, yana neman sandarsa, ya ce in riƙa ajiye motar a inuwa ko in juya mata baya ga rana, in hana masu wanki sa mata busasshen tsumma a ido, in kuma zuba mata ruwa kafin a goge ƙurar hunturu.

"Kuma ko da fitilar jirgin sama aka sa maka, dare dare ne. Gobe ƙarfe nawa za ka tashi?"

Na ce sai na ɗan ga wasu mutane a kasuwa tukuna.

"Za ka gan su wani zuwan."

Ranar Talata da hantsi na bar Daura, da ƙullin fura a bayan mota da saƙon gaisuwa ga maiɗakina. A Kazaure na tsaya wurin mai shayin nan. Ya dubi gaban motar ya ce, "Alhaji, sabuwa aka yi?" Na ce masa a'a, ido aka wanke mata.